Bangon ɗaki na jiƙewa ta bayan banɗaki: ta ina za a fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidana yana unguwar Pantami a Gombe, ba bene ba ne. Banɗakin da ke cikin ɗakin uwargida ya fara ba mu matsala. Bangon da ya raba shi da ɗaki kullum a jiƙe yake, fenti na ɓarewa, wani farin abu kamar kanwa na fitowa, tayil biyu ko uku na ƙasa sun ɗaga, ga wari da safe. Faɗinsa mita 1.5, tsawonsa mita 2. Ina so in sayi sabon tayil a ɗora a kan tsohon, ni da ƙanena mu yi abin da za mu iya da hannunmu don rage kuɗin aiki. Hakan zai magance?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba zai magance ba, kuma ka dakata da sayen tayil tukuna. Tayil ba shi ke tare ruwa ba. Ruwa na bi ta layukan da ke tsakaninsa, ya bi ta gefen rariya da gindin masai, ya sauka cikin daɓen da ke ƙasa. Idan babu abin da ya tare shi a can, sai ya kwanta, bulo ya tsotse shi, ya ɓulla ta ɗaya gefen. Farin abin da kake gani gishirin siminti ne da na bulo, ruwa ya narkar da shi ya fito da shi, da ruwan ya bushe shi kuma ya zauna a fuskar bango yana tura fenti. In ka ɗora sabon tayil a kan wannan jiƙaƙƙen daɓen, ƙasan banɗakin zai tashi ya kai tsayin ɗaki ko ya wuce, ruwan wanka ya fara shigowa kan leda da kafet, bangon kuma ya ci gaba da jiƙewa yadda yake.

Kafin a ɗaga guduma, sai an san daga inda ruwan yake zuwa, kuma wannan binciken kai da ƙanenka za ku iya yinsa ba tare da kiran kowa ba. Da daddare ku cika tanki, ku rufe duk famfunan gida har da makullin da ke kai ruwa tankin masai, ku yi alama a daidai inda ruwan ya tsaya. In gari ya waye ya sauka, akwai bututun kawo ruwa da ke yoyo, kuma galibi yana cikin wannan bangon. In bai sauka ba, ku toshe rariyar ƙasa da leda da tsumma sosai, ku zuba ruwa har ya kai santimita 2 zuwa 3, ku ja layi da fensir a jikin tayil, ku kuma zagaye iyakar danshin ta cikin ɗaki da fensir ɗin. Kashegari in ruwan ya ragu ko danshin ya tsallake layi, daɓen ne ke sha. Na masai kuwa, ku jiƙa bula ta wanki a bokiti ku kwarara a ciki, ku duba gindinsa da bayan bango ko shuɗi zai ɓulla.

Akwai wani danshin da ba ruwansa da banɗaki. In da damina kawai yake zuwa, kuma ana ganinsa a jere a ƙasan bangon falo da sauran ɗakuna, daga tushen gini yake tasowa, gyaransa daban. Amma naka da ka ce kullum ne, ga tayil ya ɗaga, ga wari, mafi ƙarfin zato daɓe da bututun fitar da ruwa ne, kuma za a fasa ƙasan gaba ɗaya.

Fashe-fashen da kwasar ɓaraguzai aikinku ne, nan ne za ku rage kuɗi. Ku rufe ruwa, ku kashe wutar sashen, ku cire masai da shawa da wurin wanke hannu. Bakin bututun masai ku cusa masa buhu ku ɗaure, don ɓaraguzai guda ɗaya da ya faɗa ciki yana iya sa a fasa har waje. Ku sa tabarau da takunkumi, gefen fasasshen tayil kaifi gare shi kamar kwalba. A fasa har sai an tarar da kankare mai ƙarfi, duk abin da ke rugurgujewa a hannu a kwashe shi. Sannan a bar wurin a buɗe ya sha iska kwana biyu ko uku. Shi ya sa bayan ɗaukewar damina ya fi dacewa da wannan aikin.

Aikin bututu ku kira mai aikin famfo, amma ka tsaya a kansa. In tsohon bututun ƙarfe ne a bangon, a cire shi duka ko da ba shi ke yoyon ba, tsatsa na cin sa daga ciki musamman a wajen zare. A sa na roba irin PPR wanda ake haɗawa da injin zafi. Injin yana aiki a zafin digiri 260, kuma bututu mai milimita 20 daƙiƙa 5 kawai yake buƙata a kai, mai 25 kuwa daƙiƙa 7, a tura shi kai tsaye ba tare da murɗawa ba. Wanda ya bar shi ya daɗe, robar na narkewa ta taru a ciki ta tsuke hanya, sai a gama aiki a ga ruwa na zuwa a hankali a ɗora wa tanki laifi. Kada ka yarda a shafe bango ranar da aka haɗa. A toshe duk bakunan, a saki ruwa, a bar shi ya kwana, ka bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda. Ka kuma ɗauki hoton bututun da waya, da tef ɗin awo a jikinsa, domin ranar da za a huda bango a rataye madubi ko wurin ajiye sabulu a san inda za a kauce wa.

Tsayin da aka saba: kan shawa mita 2 zuwa 2.1 daga ƙasa, makullinsa mita 1 zuwa 1.1, wurin wanke hannu santimita 80 zuwa 85. Famfon tara ruwa a bokiti da buta a sa shi kamar santimita 50 zuwa 60, kuma kada a manta da shi, domin a gidajenmu ya fi shawa aiki. In za a sa mahaɗin ruwan zafi da sanyi, tazarar bakunansa biyu santimita 15 ce, kuma dole su daidaita a lebur, su kuma tsaya daidai da fuskar tayil in an gama, kada su nutse cikin shafe.

Yanzu maganar wari, wadda ta fi damun mutanen gida. Iskar sokawe na dawowa ta hanya uku. Ta farko rariyar ƙasa da ba ta da tarkon ruwa, wato bututu ne kawai aka ɗora masa marfi mai huji. Rariya mai kyau tana riƙe ɗan ruwa a cikinta wanda ke toshe hanyar iska da kyankyasai. Ko mai tarkon ce, in banɗakin baƙi ne da ba a shiga, hunturu na busar da ruwan, maganinsa a riƙa zuba buta guda duk mako. Ta biyu mahaɗar masai da bututunsa. Da yawa siminti ake cusawa a wurin, shi kuwa siminti yana tsagewa da zarar masai ya ɗan motsa. Akwai robar da aka yi musamman don wannan mahaɗar, ita za ka saya. Ta uku rashin bututun shaƙar iska, wanda ya kamata ya tashi daga layin masai a waje ya wuce saman kwano, a rufe bakinsa da raga saboda sauro da ƙuda. In babu shi, duk lokacin da aka kora masai ruwan da ke gudu yana zuƙe na cikin tarko, ka ji rariya na ƙugi.

Bututun masai inci 4 ne, na rariya da wanke hannu inci 2. Gangararsa kamar santimita 2 a kowace mita. A kwana a yi amfani da gwiwa biyu masu digiri 45 maimakon guda mai 90, ta fi wuyar toshewa. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne gasa bakin bututu a wutar takarda don a faɗaɗa shi a zura wani. Ana yi sosai don gudun sayen soket, wato ɗan guntun da ke haɗa bututu biyu, kuma yawancin yoyon ƙarƙashin daɓe daga irin wannan haɗin yake. A sayi soket, a goge bakin, a shafa gam a ɓangarorin biyu. A kuma sayi bututu mai kauri, wanda in ka matsa shi da hannu ba ya lotsawa.

Ka sayi masai kafin a binne bututu. Na zama iri biyu ne: mai fitarwa ta ƙasa, wanda tsakiyar raminsa kan kasance santimita 25 zuwa 30 daga bango bayan an sa tayil, da mai fitarwa ta bango a tsayin kusan santimita 18. In an binne bututu sannan aka je kasuwa, sai a dawo da wanda bai dace ba a fara dabaru. Na tsuguno ya fi sauƙin wankewa kuma bai cin ruwa da yawa, amma in akwai tsoho ko mai ciwon gwiwa a gidan, na zama ya fi, a haɗa masa da ƙarfen dafawa a bango. Tunda an riga an fasa, lokacin gyara fuskar masai ke nan ga wanda ba ya son ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Daga Gombe alƙibla gabas take da ɗan karkata zuwa arewa.

Daɓe shi ne zuciyar aikin, a nan nake so ka fi sa ido. A samo siririn tiyo mai haske a cika shi da ruwa ba kumfa, a yi amfani da shi a zagaye bango huɗu da layi guda a tsayin mita 1. Daga wannan layin ake auna komai zuwa ƙasa. Bayan an sa tayil, ƙasan banɗaki ya zama ƙasa da na ɗaki da kamar santimita 2 a dokin ƙofa, daga nan ya gangara zuwa rariya da santimita 1.5 zuwa 2 a kowace mita. A ɗakinka mai mita 2, in rariyar tana can ƙurya, bambancin bakin ƙofa da bakin rariya zai kai santimita 3 zuwa 4. Rariyar ta kasance a wurin wanka, nesa da ƙofa, don kada ruwan sabulu ya ratsa duk ɗakin kafin ya fita.

Kwaɓin daɓe siminti 1 ne yashi 3. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, ke nan buhu guda da kwano shida na yashi. Daɓen murabba'in mita 3 mai kaurin santimita 4 zai ci buhu guda da ɗan ƙari, ka tanadi biyu saboda cike gurbin bututu a bango. Ko na Ashaka ne da ake yi nan Funakaye ko wani, ka taɓa buhun, in akwai dunƙulen da ba ya murjewa da yatsa ya sha danshi, ka bar shi. Yashi ya zama na kogi mai tsini. Ka zuba kaɗan a gorar ruwa ka girgiza ka ajiye, in laka mai kauri ta kwanta a samansa, a wanke shi ko a canza. Ruwan kwaɓi kaɗan ake sawa: ka dunƙula a tafin hannu ya tsaya ba tare da ruwa ya ɗiga ba. Kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi daɗin shafawa, shi ya sa leburori ke son sa, amma yana tsagewa in ya bushe kuma ba ya riƙe gangara. Inda bango ya haɗu da ƙasa a cike kusurwar da kwaɓi a lanƙwasa ta, kada a bar ta da kaifi.

Daga nan sai ban ruwa, safe da yamma har kwana 7. A zafin Maris da Afrilu na Gombe, ko a busasshiyar iskar hunturu, siminti na bushewa kafin ya yi ƙarfi, sai ka ga samansa na gari. A shimfiɗa jiƙaƙƙen buhun algarara a kai. Wannan ma aikinku ne.

Sai abin da aka tsallake tun farko har ya jawo maka wannan matsalar, wato maganin hana ruwa ratsawa. Garin da ake zubawa cikin kwaɓi yana taimakawa, amma shi kaɗai bai isa ba, domin in daɓen ya yi ɗan tsagu ruwa zai bi. Wanda ake buƙata shi ne na shafawa da burushi, mai zuwa gari da ruwansa a haɗa, irin na Sika ko Dr. Fixit da ake samu wajen masu kayan gini. A share ƙura tas, a ɗan jiƙa daɓen ba tare da ruwa ya kwanta ba, a shafa na farko ta tsaye, in ya kama a shafa na biyu ta kwance. A rufe ƙasan duka, a hau bango santimita 30 ko'ina, a wurin wanka kuma a kai mita 1.8. Bangon da ya raba banɗakin da ɗaki ni dai shawarata a shafe shi duka har wannan tsayin. Kusurwoyi da zagayen rariya da bututun masai a manna musu ragar da ake sayarwa tare da maganin, tsakanin shafi na farko da na biyu, don a nan ake fara tsagewa. Ka lissafa kamar murabba'in mita 10, ka bi ma'aunin da aka rubuta a jikin mazubin, kada a ƙara ruwa don ya yalwata. Wannan shafin ba ya buƙatar gwani, mai haƙuri yake buƙata.

In ya bushe kwanakin da aka rubuta, ka maimaita gwajin nan: a toshe rariya, a tara ruwa santimita 3, a bar shi kwana biyu. In bai sauka ba, bayan bango kuma bai nuna komai ba, sai a kira mai tayil. Da za ka cire toshiyar, ka tsaya ka kalli yadda ruwan ke tafiya. Duk inda ya kwanta, yanzu ne gyaransa ke da arha.

Lissafin tayil ɗinka: zagayen bango mita 7, in za a kai tsayin mita 2.1 ya zama murabba'in mita 14.7, a cire ƙofa da taga ya rage kusan 12.7, a ƙara kashi 10 cikin 100 na yanka da fashewa, ka sayi 14. In mai 25 da 40 ne, guda 140 ke nan. Ƙasa murabba'in mita 3.3, wato guda 37 na mai 30 da 30. Na ƙasa ka zaɓi mai kaushi, ka ɗiga masa ruwa a shago ka goga da yatsa. Mai sheƙi yana da kyau a ido, amma da sabulu ya taɓa shi santsi yake, kuma faɗuwar banɗaki ba ƙaramar abu ba ce ga tsoho ko mai juna biyu. Ƙananan tayil sun fi bin gangara, manya irin 60 da 60 sai an yayyanka su kafin su kwanta. Ka saya gaba ɗaya lokaci guda, ka duba lambar kwalaye ta zama ɗaya, ka ajiye ragowar.

A kan maganin hana ruwa, gam ɗin tayil ya fi kwaɓin siminti kamawa. Buhu mai kilo 20 kan yi murabba'in mita 4 zuwa 5, kai buhu huɗu za ka buƙata. A shafa shi da cokali mai haƙora ya rufe bayan tayil duka. Abin da za ka hana shi ne ɗora dunƙule biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, a manna. Ramin da ke tsakani ruwa yake tarawa, kuma da alama shi ya ɗaga maka na yanzu. In da siminti za a sa, tayil na yumɓu sai an jiƙa shi a ruwa tukuna, shi kuwa mai tauri irin foselin ba ya shan ruwa, siminti zalla ba ya riƙe shi. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakani, kada a haɗe su baki da baki. Kashegari ka bi su ɗaya bayan ɗaya da mabuɗi kana ƙwanƙwasawa, wanda ya yi ƙarar ganga a cire a sake. Bayan awa 24 a cike layukan, kusurwoyi da gindin masai da bayan wurin wanke hannu kuwa silikon ake sawa, domin shi yana miƙewa. Masai a ɗaure shi da kusoshinsa, kada a dasa shi cikin siminti.

Kan shawa kada ka ruɗu da faffaɗan nan. Kowace mita guda ta tsayin ruwan tanki a saman kan shawa ba ta ba da ƙarfin da ya wuce kashi ɗaya cikin goma na "bar" ba, wato ma'aunin matsin ruwa. Tankin da ke kan ƙarfe mai mita 3, kan shawa a mita 2, tazarar kaɗan ce, babban kai ɗiga kawai zai riƙa yi. Ƙaramin kai da bututu mai faɗi daga tanki sun fi.

Wuta kada ku taɓa da kanku. In za a sa hita, mai aikin wuta ya ja mata layinta daga akwati da waya mai kaurin aƙalla murabba'in milimita 2.5, da wayar ƙasa da aka gwada, da na'urar da ke yanke wuta da kanta in ta fara yoyo, mai lamba 30mA, makunninta kuma a waje. Ɗan bawul ɗin da ke ɗigar ruwa a ƙasan hita ba lalacewa ya yi ba, rage matsi yake, kada a toshe shi, a ja masa tiyo zuwa rariya. Ƙofa a sa ta alminiyom ko roba, ta katako ƙasanta ruɓewa take.

Ka leƙa waje ma ka ga inda ruwan wankan ke zuba. In a gindin bango yake kwarara, zai koma tushen gini, in kuma lungu ake sakar masa, ƙasar Gombe mai yashi ba ta da wuyar zaizayewa. A kai shi rami na daban mai duwatsu, nesa da gini, kuma sokawe ya yi nisan aƙalla mita 15 da rijiya ko burtsatse, in fili ya ba da dama a kai 30.

Duka aikin ka ba shi kamar mako uku, ku shirya wani makewayin kafin nan. Bangon cikin ɗaki shi ne na ƙarshe. A kankare fentin da duk shafen da ya yi laushi, a goge gishirin da busasshen burushi ba da ruwa ba, a bar shi makonni. Ka manna leda mai faɗin tafin hannu biyu da salatif ta kwana, in da safe cikinta ya yi gumi bango bai bushe ba, a ƙara jira kafin a yi shafe da fenti.

A kuma gaya wa masu wanke banɗakin su daina zuba asid. Yana fitar da tayil fes, amma yana cinye simintin da ke layuka har ruwa ya sami hanya, yana kuma ɓata famfuna. Haɗa shi da Hypo kuwa yana tayar da iska mai guba a ɗan ƙaramin ɗaki irin wannan. Omo da burushi sun isa.